Momoni a Cikin Salansar Kawu

Ranar da na fara ganin Masawudu, a shagon wanki ne na Rye Lane, irin wanda ake jefa wa inji tsaba ya yi wankin da kansa. Ina zaune ina jiran zannuwan gadon Anti Zinatu su gama juyawa, da littafin da na aro a laburare a kan cinyata, sai ga wani dogon mutum ya turo ƙofa da ƙafa. Ya rungumo fararen riguna irin na likitoci, sun kai masa har haɓa. Ya zube su a kan benci, ya dube ni, ya ce, "Kai, mene ne kake karantawa?"

Na waiga in ga ko akwai namiji a bayana. Babu kowa. Daga baya na gane haka mutanen zangon Kumasi suke magana, mace da namiji duk kai ne a wurinsu. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Na daɗe a London, a gidan ƙanen mahaifiyata Kawu Lawal da matarsa Anti Zinatu, kuma ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake karantawa. Makarantata ta tsaya a firamare can Zariya, sauran duk ni na koya wa kaina, littafi a hannu ɗaya ƙamus a ɗaya. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ya karɓe littafin, ya juya shi gaba da baya, ya ce ai ya san shi. Ya kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe ya ba ni. Ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya ambata babu shi a littafin. Amma nasa ya fi daɗi.

Ya ce shi masanin kimiyya ne a wata kwaleji a Bloomsbury, kuma rigunan duk nasa ne. Na ga kowace riga da sunan wani daban a aljihunta. Ya ce ɗalibansa ne, yana ara musu su ɗana. Da muka fito aka kece da ruwa, sai ya zaro riga ɗaya cikin waɗanda ya gama busarwa ya riƙe mini a kai har ƙofar gidanmu, shi ruwa na dukansa, bakinsa bai huta ba.

Gaskiyar aikinsa a bakin Rwang na ji ta, wani mutumin Jos da yake digirin dakta a wannan kwalejin. Masawudu kwalabe yake wankewa a ɗakin gwaje-gwaje, ya share ƙasa, ya kai riguna wanki. A bayan idon Rwang yakan ce masa "yarona". A gabansa kuwa "Oga Rwang".

Ni duk na san wannan, kuma ban damu ba. Kawu ne ya damu. Ranar da Masawudu ya zo gaisuwa tare da yayarsa Fusena, mai sayar da wake da shinkafa a Peckham, ina bayan ƙofar kicin ina ji. Kawu ya karɓi goron, ya sa albarka, sannan ya ce shi amana aka ba shi, kuma ba zai iya rubuta wa 'yar'uwarsa cewa ya ba mai wankin kwalabe 'yarta ba. Ya faɗi haka da nauyin murya, kamar ba shi ne ya zo karatun akanta tun ina goye, karatun ya ƙare ba tare da shi ya ƙare shi ba, ya koma tuƙin motar haya da ake kira minicab.

Motar tasa sunanta Dattijuwa. In ta taso daga Camberwell, mutanen Peckham kan kwashe shanyarsu. A lokacin, wato 1992, ba a daɗe da ƙara auna hayaƙi a cikin gwajin mota na shekara ba, wanda ake kira MOT, kuma Dattijuwa ta je ta yi fail. Mai garejin ma, in ji Kawu, sai da ya fita waje ya sha iska kafin ya iya faɗa masa sakamakon. Masawudu ya san da wannan, kamar yadda duk unguwa ta sani. Sai ya gyara zama ya ce hayaƙin mota ai wasan yara ne a wurinsa. Akwai wani abu da suke yi a lab, ɗakin gwaje-gwajensu, sunansa katalis, in ya sa wa Dattijuwa shi a salansa, abin da zai riƙa fitowa ko jariri ya shaƙa sai dai ya yi ƙiba.

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce to madalla. In Dattijuwa ta ci gwaji ta hannunsa, ya turo magabatansa. In ba ta ci ba, kada ƙafarsa ta ƙara hawa matakalar gidan nan. Masawudu ya ce ya yarda. Ni a bayan ƙofa sai na ji ludayin da ke hannuna ya yi nauyi.

Ran Asabar ɗin da ta biyo na je shagon Fusena, na tarar da Rwang yana cin abinci, Masawudu yana ta yi masa tambayoyi kamar mai jarraba shi. Rwang mutum ne mai haƙuri. Ya ciro wani ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo daga cikin kwalba, da farin abu siriri a samansa kamar an shafa alli. Ya ce wannan shi ne ziyolait, ƙwayoyi ne masu tsari kamar na gishiri, amma cike suke da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani. In sinadari ya ratsa ta ramukan sai ya rabu ko ya haɗu da wani da sauri, shi kuma farin abin yana nan yadda yake. Ya ce kamar dillali ne a kasuwa, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, shi bai saya ba bai sayar ba.

Na tambaye shi a hankali yadda ake yin ramukan. Ya ce ana haɗa garin da ake samu daga yashi, da na alminiyam, da soda mai ƙarfi, da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen kifi. A rufe a tukunyar ƙarfe ta musamman, a sa a tanda ta daɗe. Ƙwayoyin sai su ginu a kewaye da mai warin nan, kamar yadda magini yake jera bulo a kewaye da katako. Daga ƙarshe a ƙone shi a wuta mai tsananin zafi, kamar an zare katakon an bar taga. Ya ƙara da cewa nasa ma ba na mota ba ne, na matatar mai ne, kuma yawancin waɗanda ya yi sun tsage, a shara suka ƙare.

Rwang yana fita Masawudu ya girgiza kai, ya ce yaron yana da ƙoƙari, tsoro ne dai ya yi masa yawa. Turawa sun rikita shi da dogayen sunaye. Yashi ai yashi ne, ga shi nan jibge inda ake gini a Stratford. Alminiyam kuwa ga foil na naɗe abinci a kowane kicin. Soda akwai ta buɗe bututun da ya toshe. Mai warin kifin nan kuma, shi da yake wanke kwalabensa kullum ya fi kowa sanin ko mene ne. Momoni ne, aka sa masa lamba aka tsauwala kuɗi.

Ga wanda bai sani ba, momoni kifi ne da mutanen Ghana suke barinsa ya ruɓe cikin gishiri. Ɗan yanki kamar farce ya ishi miyar gida guda. Masawudu ya sayi kwali.

Gwajin farko a ɗakinsa ya yi, a ƙarƙashin wani gida a Stratford, ɗakin da ko da rana tsaka sai an kunna fitila. Ya zuba komai a bokiti. Foil ɗin na haɗuwa da soda sai abu ya fara tafasa ba wuta, yana huci. Ana cikin haka wutar mitar da ake jefa wa tsaba ta ƙare. Maimakon ya nemi tsaba, sai ya ƙyasta ashana ya leƙa ya ga yadda ƙwayoyin suke girma. Washegari ya zo mini bakin laburare ba gira ko ɗaya, fuskarsa kamar ta wanda aka faɗa wa labarin mamaki bai gama jinsa ba. Mai gidan, wata tsohuwa 'yar Jamaika, ta ce ko bokitin ya fita ko su fita tare. Shi kuma ya ce mini in duba hotunan manyan masana da kyau, yawancinsu ba su da gira.

Na shiga laburare na nemi littafin kimiyya na 'yan makaranta, na yi ta bi da yatsa har na samu wurin. Soda mai ƙarfi tana cin alminiyam, kuma iskar da take fitarwa tana kamawa da wuta. Na fito na karanta masa. Ya saurara har rabi, ya ce, "Kai Karimatu, littafi na masu koyo ne. Mu da muke cikin aikin mun wuce nan." Matsalar kawai, in ji shi, bokiti ba ya rufuwa. Tukunya mai murfi yake bukata, mai riƙe huci.

A duk waɗanda muka sani, mutum ɗaya ce take da irin wannan tukunya babba: Anti Zinatu. Pressure cooker ce ta alminiyam, da ita take dafa ganda da ƙafar saniya, kuma ko ni ba ta bari in wanke ta sai tana tsaye. Masawudu ya bari sai da na fita kasuwa, ya je ya ce Yaya Fusena ce ta aiko shi, za ta dafa waken sunan jikarta da ke tafe. Anti ba ta iya hana aron kayan biki ba. Yana fita ya ga matankaɗinta na waya a rataye, ya ce har da shi aka ce.

A barandar flat ɗin Fusena ya kafa risho, ita tana shago. Ya jefa matankaɗin cikin tukunya domin ƙwayoyin su ginu a jikinsa, ya ɗaure murfi, ya zauna a kujera da farar riga yana gadi. Kafin azahar kyanwoyin unguwar sun taru a ƙasa sun ɗaga kai kamar masu jiran huɗuba. Matar fasto da ke sama, wata 'yar Legas, ta fito baranda tana addu'ar korar abin da aka binne musu. Wani Bature a ƙasa ya kira council, wato ƙaramar hukuma, suka turo mutum da doguwar sanda ya yi ta buɗe magudanai yana rufewa. Da ya ɗago kai ya tambayi Masawudu ko shi ma yana jin warin, Masawudu ya ce ya ji, kuma yana zargin 'yan Legas ɗin sama.

Can tukunya ta fara hawaye ta ƙasa. Huci ya daina fita ta murfi ya koma fita ta gindi, wutar risho ta mutu, Allah ya taƙaita. Da ta huce ya ɗaga ta sama, ya ga gindin ya zama kamar rariya. Ya aika a kira ni. Na zo na same shi yana murmushi har kunne.

"Rwang shekara da shekaru yana fama, ramukansa ko gani ba a yi," in ji shi. "Dubi nawa. Yatsa ma yana shiga."

Na ce masa ai a tukunyar ramukan suke, ba a katalis ba. Ya ce daga nan ake farawa.

Fusena ta dawo ta tarar da abin da aka yi da sunanta. Murfi yana rufe, ba ta ga gindin ba, ga kuma baƙi sun fara isowa daga Birmingham. Ta ce ya ɗauke ƙazantarsa ya mayar wa Hajiya Zinatu kayanta tun kafin ta ci mutuncinsa, kuma kada ya kuskura ya mayar da tukunyar mutane haka nan ba komai a ciki, su ba a yi musu wannan tarbiyya ba. Abin da take nufi kowa ya sani: ɗan nama, ko 'yar shinkafa, ko sabulu. Masawudu ya zauna ya yi tunani, ya ga duk abin da ya mallaka ba wanda ya kai ragowar da ta daskare a tukunyar daraja. Ya cire matankaɗinsa, ya lailaye saman ragowar da cokali ta yi kyau, ya naɗe tukunyar da tawul ya kai.

Ni na biya laburare, ban san an kai ba. Da na dawo na tarar Anti tana yabon mutanen Ghana da sanin ya kamata. Ta buɗe ta ga dunƙulen abu toka-toka mai ƙamshin kifi, ta ce wannan shi ne bankun da ake faɗa, tuwon mutanen Ghana, ta juye shi a faranti, har ta kaɗa masa miyar kuɓewa. Kawu ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai yatsu zai gutsura. Yatsun suka lanƙwashe. Ya sa cokali, cokalin ya lanƙwashe. Anti ta ce ko dai haƙoran mutanen nan na ƙarfe ne. Kawu ya ce yatsunsa sun yi santsi kamar ya taɓa sabulu, kuma suna zafi. Ban san lokacin da na ja shi zuwa famfo ba. Anti ta ɗaga tukunyar za ta kai kicin, sai ta hango ƙwan fitila ta gindinta.

Abin da Anti ta faɗa a ranar ba zan rubuta shi ba, domin tana da jikoki yanzu kuma sun iya karatu. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma Kawu, hannunsa cikin kwanon ruwa, ya ce a'a, a bar shi ya ƙarasa. Alkawari alkawari ne. Yana so abin ya faru a gaban jama'a, yadda gobe ba wanda zai ce Lawal ya hana yarinya miji don girman kai.

Saboda haka aka tsayar da ranar sunan jikar Fusena. An yi taron a zauren unguwa, aka jera tebura a fili saboda rana ta fito. 'Yan Kumasi, 'yan Accra, mutanenmu na Kano da Zariya, ɗalibai masu bin ƙamshin abinci kyauta, kowa ya ci ado. Bayan an raɗa suna an yi addu'a, Kawu ya shigo da Dattijuwa har tsakiyar fili, mutane suna kare abincinsu da hannu.

Masawudu ya fito da farar riga a kan rigar saƙinsa, da sunan wata Baturiya a aljihun. Ya zana gira da kwalli, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya ɗaga matankaɗin Anti, wanda yanzu ya zama kamar guntun kankare, ya yi jawabi. Ya ce daga yau hayaƙi ya ƙare a London. Ya ce kamfanonin mota za su zo da ƙafarsu, kuma shi ba zai manta da talakawa ba. Wani tsoho ya tambaya ko abin yana maganin basir, ya ce ana kan bincike.

Matankaɗin ya ƙi shiga salansa. Ya nannaɗe shi, ya ƙi. Ya aika aka ɗauko taɓaryar da ake daka sakwara, ya durƙusa ya yi ta dukansa har ya ɓace ciki. Ana haka Rwang ya iso. Ya leƙa, ya shinshina, ya tambaya a hankali ko an ƙone abin, domin in ba a ƙone ba ai babu rami ko ɗaya, toshe ne kawai. Masawudu ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ga inda ilimin littafi ya gaza ke nan. Mota ai da wutarta take tafe, ita za ta ƙone kayanta.

Rwang ya ce wa Kawu shi dai da motarsa ce ba zai tayar ba. Kawu ya ce ya gode, amma yau ranar gani ce. Rwang ya ɗauki farantinsa ya koma can ƙarshen fili, bayan wata bishiya, ya kira yara su zo su ga wani abu a wurinsa.

Kawu ya tayar da mota. Dattijuwa ta yi tari, ta yi rawar sanyi, ta kama. Kowa ya zuba wa salansa ido. Babu hayaƙi. Aka jira, babu. Kawu ya fito cikin farar shaddarsa, ya zagayo baya, ya raba ƙafa ya sunkuya yana leƙe. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Aka fara tafi. Ni ina tsaye kusa da ƙofar motar da tiren lemo, ina cewa a raina ashe littafi ma yakan yi kuskure, kuma ban taɓa son ya yi kuskure kamar yau ba.

Da Masawudu ya tsaya a nan, wataƙila da motar ta mutu da kanta shiru, an ce sanyi ne. Amma tafi ya shiga kansa. Ya zura doguwar ƙafarsa cikin mota ya take totur har ƙasa.

Wari ne ya fara isowa, warin momoni gasasshe, mai sa ido hawaye. Sai ƙara, kamar an harba igwa. Matankaɗin ya fito ya bi ta tsakanin ƙafafun Kawu, ya huda babbar rigarsa gaba da baya, ya ƙetare fili ya daki babbar tukunyar wake da shinkafa, ta yi kuka kamar ƙararrawar coci. A bayansa baƙin toka na duk shekarun da Dattijuwa ta yi a duniya ya biyo, ya sauka a kan mutum ɗaya. Salansa ta faɗo ƙasa. Motar ta yi ajiyar zuciya ta yi shiru.

Wannan duk daga baya aka ba ni labari. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a ƙasa, da farin yadi a kaina, da hannu yana tare mini ƙeya. Maza suna tsallake tebura, wanda ɗazu yake ba da labarin yadda ya yi soja yana ƙarƙashin kujera, amma Masawudu bai gudu ba. Ya lulluɓe ni da rigar, yana durƙushe tsakanina da motar.

"Karimatu, ka ji ciwo?"

Tun ranar shagon wanki, wannan ne karo na farko da ya yi mini tambaya ya tsaya jiran amsa. Na ce ban ji ba. Ya ce in motsa yatsuna ya gani.

A shekarun nan London a tsorace take da bama-bamai. Kafin a gama tattara ɗankwalaye 'yan sanda sun iso, suka fitar da kowa titi, suka ɗaure wurin da igiyar leda. Muka tsaya a waje da adonmu, mai jego da jaririyarta da kowa, muna kallon kyanwoyin unguwa suna hawa tebura ɗaya bayan ɗaya suna buɗe taro. Can wani ɗan sanda ya fito da abin a cikin leda, ya miƙe hannu iya tsawonsa ya kau da fuska, ya tambaya na wane ne. Anti ta ce matankaɗinta ne. Masawudu ya ce katalis ɗinsa ne. Rwang ya yi musu bayani da Turancin jami'a, yana cije leɓe, har ɗan sandan ya rubuta wani abu ya goge, ya ce a dai daina.

Kawu yana tsaye a bakin titi, ba abin da ya rage fari a jikinsa sai ido da haƙori. Iska tana shiga ta hujin rigarsa ta fita ta ɗayan. Masawudu ya matso ya durƙusa, ya ce Alhaji ya yi haƙuri, amma in za a faɗi gaskiya kowa ya shaida da farko babu hayaƙi. Saura kaɗan ne. Momonin ne ya yi yawa.

Kawu ya ce ya tashi daga gabansa tun bai aikata abin da zai sa 'yan sandan nan su sami aikin yi na gaske ba. Tukunya ta tafi, matankaɗi ya tafi, mota ta tafi, riga ta tafi, abincin suna yana cikin kyanwoyi. Sharaɗi kuma kowa ya ji shi.

Fusena ta gyara goyon jikarta ta matso. Ta ce ƙanenta sakarai ne, ita ta goya shi, ta fi kowa sani, kuma salansa da tukunya za su biya. "Amma Alhaji, mota ya mutu, mun gani. Mu ba mota muka zo nema gidanka ba. Yarinyan fa, wani ya tambaye shi?"

Mutane suka fara gunaguni, wasu na cewa gaskiya ne. Kawu ya dubi taron, ya dube ni. Ya san ni. Tun da na zo gidansa bai taɓa jin na ɗaga murya ba, ko gishiri nake so a tebur sai dai in miƙa hannu. Ya tabbata ko dai in sunkuyar da kai in yi kuka, ko in ruga bayan Anti, kowanne kuma ya ishe shi amsa. Sai ya buɗe hannuwa, toka tana zuba daga hannun rigarsa, ya ce to ga ta nan. Shi ya janye sharaɗinsa. Ta faɗa masa da bakinta, kuma abin da ta faɗa shi ne, jama'a su shaida.

Har yanzu farar rigar tana kafaɗata, da sunan Baturiyar a aljihu. Masawudu yana durƙushe, gumi ya wanke girar kwallin ta gangaro masa kumatu. Na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har ɗan sandan ya waigo.

"Masawudu, zan aure ka. Na yi alkawari a gaban Kawu da Anti da duk wanda ke nan. Kowane labari ka kawo zan zauna in ji shi har ƙarshe, ko da babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Amma tukunya, da ashana, da motar mutane, muddin ina numfashi hannunka ba zai ƙara taɓa su ba."